Kada A Tsinke Tsohuwar Waya Kafin A Tanadi Wuta

Igiyar fiba, wato zaren gilashi mai ɗaukar murya da intanet a cikin haske, ta daɗe da bin babbar hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram. Babu mai kishin ƙasa da zai ƙi ganin ranar da za ta shiga gidaje da ma'aikatun Dakoro, garin da ke kimanin kilomita 120 arewa da Maraɗi. Amma akwai batu guda da ya wajaba hukumomi su warware tun kafin wannan rana, shi ne makomar talho na gida sa'ad da wutar lantarki ta ɗauke.

Tsohon talho mai wayar jan ƙarfe yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Wutar da yake aiki da ita daga cibiyar waya take zuwa, inda aka jera manyan batura, ta biyo wayar har cikin ɗaki. Shi ya sa ko unguwa ta yi duhu, mai gida yana iya ɗaga kan talho ya kira likita. Zaren gilashi kuwa ba ya ɗaukar wuta ko kaɗan. Sai an kafa wani ƙaramin akwati a gida, wanda ke shan lantarkin mai gidan. Da zarar wuta ta tafi, intanet da talho sun mutu tare.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar da ta daɗe tana sayen mafi yawan lantarkinta daga Najeriya. Jama'ar jahar Maraɗi ba su manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da aka tsinke wutar da ke shigowa ta Katsina sakamakon takunkumin CEDEAO, ba a kuma maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Masu cewa salula ta wadatar su tuna cewa eriyarta ma da wuta da gazuwal take aiki, ita kanta salular kuma sai an yi mata caji.

Gaskiya ne masu talho na gida ba su da yawa a Dakoro. To amma su wane ne? Asibiti ne da ke neman tura mai naƙuda zuwa Maraɗi cikin dare, da ma'aikatun gwamnati, da ƴan kasuwar da lambarsu ta shekara da shekaru a hannun abokan ciniki, da dattawan da ƴaƴansu ke ci-rani. Layin da ya yi shiru a irin waɗannan wurare yana iya jawo asarar rai.

Ƙasashen da suka riga yin wannan canji sun ɗanɗana kuɗarsu. A Ingila, guguwar Arwen ta watan Nuwamba na 2021 ta bar gidaje kwana da kwanaki babu wuta, waɗanda aka riga aka mayar kan sabon tsari suka rasa hanyar neman agaji, har kamfanin BT ya dakatar da aikin a 2022. Hukumar sadarwar ƙasar ta wajabta wa kamfanoni su tanadi hanyar kiran agaji ta aƙalla sa'a guda bayan ɗaukewar wuta ga duk wanda ya dogara da talho na gida. Idan sa'a guda ta yi wa Baturen Ingila kaɗan, ina ga mutumin Kornaka ko Sabon Mashi?

Saboda haka nauyi ya rataya a wuyan Niger Telecom, wanda aka kafa a 2016 daga haɗewar SONITEL da SahelCom, da kuma hukumar ARCEP mai sa ido kan sadarwa. Kada a cire wa kowa tsohon layi sai sabon ya tabbata yana aiki. A bar wa mutum lambarsa ta da. A haɗa kowane akwati da batir ko farantin hasken rana mai riƙe shi tsawon dare, asibitoci kuma a fara da su, a kan kuɗin kamfani. A bayyana wa mai saye duk wannan da Hausa, a rubuce da kuma ta gidajen rediyo, kafin ya sa hannu.

Kamfanin da aka sayar wa baƙi a 2001, aka kuma maido hannun gwamnati a 2012, dukiyar talakawa ce, kuma talakawa na da ikon tambayarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hukumomin Dakoro da masu sarautun gargajiya su nemi a rubuta waɗannan sharuɗɗa tun yanzu, kafin a haƙa ramin farko.