Ɗaukaka Ƙara Haƙƙi Ne, Amma Hukuncin Alƙali Ba Ya Halatta Haram

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

A shekarar 2015 hukumar EFCC ta gurfanar da tsohon gwamnan Jigawa, Sule Lamido, da 'ya'yansa biyu bisa zargin karɓar na goro, kimanin naira biliyan 1.35, daga kamfanonin da jihar ta ba kwangila. Sun musanta zargin. A Yulin 2023 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame su, tana cewa a Jigawa ya kamata a yi shari'ar, ba Abuja ba. A Janairun 2026 kuma Kotun Ƙoli ta soke wannan hukunci, ta ce a ci gaba da shari'a. Bayan shekara goma, har yanzu ba a amsa tambayar asali ba: an ci kuɗin ko ba a ci ba?

Ba Jigawa kaɗai ke ganin irin wannan ba. A 2019 an yanke wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Kalu, ɗaurin shekara 12. A 2020 Kotun Ƙoli ta rushe hukuncin, domin alƙalin ya yanke shi ne bayan an ɗaga shi zuwa kotun sama. Ba ta ce kuɗin ba su salwanta ba.

Musulunci bai hana sake duba hukunci ba. Sayyidina Umar ya umarci alƙalinsa Abu Musal Ash'ari da ya koma wa gaskiya idan ta bayyana masa bayan ya yi hukunci. Sai dai hadisin Ummu Salama ya karantar da mu cewa wanda ya fi abokin shari'arsa iya kafa hujja, har aka ba shi haƙƙin wani, to guntun wuta aka yanka masa. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ma ta haramta fakewa da mahukunta don cin dukiyar mutane.

Saboda haka, a majalisunmu na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu, mu kiyayi abu biyu: kiran mutum ɓarawo kafin hujja ta tabbata, da kuma yin guɗa don an sallame shi bisa kuskuren ƙa'ida. Kuɗin kwangila na rijiyar burtsatse ne da ajin makaranta da maganin asibiti. Mu nemi kotuna su hanzarta shiga gundarin magana, mai gaskiya ya wanku, mai laifi ya mayar da abin da ya ci.

Allah Ya tsare mu da cin amana.