Wa zai biya kuɗin binciken cutar zomo?

A shekarar 2020, lokacin da hankalin kowa ya koma kan korona, wata annoba ta shiga gidajen kiwon zomaye a jihohin Kwara da Oyo. Mai kiwo zai zuba wa zomayensa ganye da yamma suna ci suna tsalle, da safe ya tarar da su a sheme cikin keji, wasu da ɗan jini a hanci, wasu kuwa babu wata alama ko kaɗan. Da yawa sun zargi abincin da suka sayo, wasu suka ce guba aka sa musu. Sai da masu bincike na jami'o'in Ibadan da Ilorin da cibiyar nazarin ƙwayoyin cututtuka da ke Ede a jihar Osun suka ɗauki samfuri daga matattun zomayen suka auna, sannan aka san sunan abin. Cutar zubar jinin zomo ce, wadda likitocin dabbobi ke kira RHD a taƙaice, kuma sabon nau'inta ne, wato RHDV2.

Na san wani zai ce duk matsalolin da ke damun ƙasar nan, na rasa abin da zan ɓata shafi a kansa sai zomo. Ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni, domin ina ganin yadda muke riƙon lafiyar wannan ɗan ƙaramin dabba yana nuna yadda muke riƙon dukiyar talaka gaba ɗaya.

Cutar ba baƙuwa ba ce a duniya. An fara ganinta a ƙasar Sin a 1984, cikin wasu zomaye masu dogon gashi da aka kai can daga Jamus, kuma kafin shekara ta zagayo ta kashe zomaye wajen miliyan 140. A 1986 ta ɓulla a Italiya, daga nan ta bazu a Turai. Bairos ce da ke kai hari ga hanta, ta lalata ta, jini ya riƙa tsinkewa a cikin jiki, zomo ya mutu cikin kwana ɗaya ko biyu. Ba ta kama mutum. Amma tana da taurin rai: takan yi watanni a jikin keji da buhun abinci da takalmin mai kiwo, ƙudaje ma suna ɗaukarta daga mushe su kai wani gidan.

Masana sun yi mata allurar rigakafi, aka samu sauƙi na shekaru. Sai a 2010 wani sabon nau'i ya ɓulla a Faransa. Tsohon nau'in yakan kashe manyan zomaye ya ƙyale 'ya'yan da ba su wuce wata ɗaya da rabi ko biyu ba, don haka ko an yi asara akwai irin da za a sake farawa da shi. Sabon bai san wannan ba, yana kashe har 'yan makonni biyu, yana kama zomayen daji, kuma tsohuwar allurar ba ta tare shi yadda ya kamata. Dole aka koma ɗakin gwaje-gwaje aka faro aiki daga tushe. Shi ne ya iso mu a 2020, shi ne kuma ya shiga Afirka ta Kudu a 2022 ya kashe zomayen gida da na daji.

A nan ne maganata take. Ƙwayar bairos tana sauya kama, kuma wanda ba ya bin sawunta kullum zai wayi gari yana yaƙar cutar bara da maganin bara. Babu kafson da ke kashe wannan bairos. Duk kuɗin da masu kiwo ke zubawa a kemis suna sayen maganin da za su jiƙa a ruwan sha asara ce a kan asara. Abin da ke aiki shi ne a gane cutar da wuri, a san nau'inta, a samu rigakafin da ya dace da ita, kuma duk ukun nan aikin mai bincike ne. Ita wannan ƙwaya ma tana da wata wahala ta musamman, domin ta ƙi yarda a raine ta a cikin kwalba kamar sauran 'yan'uwanta. Shi ya sa shekara da shekaru daga hantar zomayen da aka sa wa cutar ake haɗa rigakafinta, sai a baya-bayan nan aka samu sababbin dabarun da ba sa bukatar hakan. Kamfanonin da suka yi suna wajen yin wannan allura suna Turai ne, a ƙasashe irin su Faransa da Sifaniya. Matar da ke da zomaye goma a bayan ɗaki a Zariya ko Maraɗi, da wane kuɗin waje za ta sayo ta, a wane firji kuma za ta ajiye?

Su wa ke kiwon zomo a wurinmu? Mata ne a cikin gida, da 'yan makaranta, da matasan da suka gama karatu ba aiki, da 'yan fansho. Zomanya tana ɗaukar ciki na wata ɗaya kacal, ta haifi shida ko takwas, ta ci ganye da dusa da ɓawon kayan miya. Namansa halal ne, ba shi da kitse sosai. Wanda ba shi da kuɗin tunkiya zai iya fara kiwo da zomaye biyu, ya biya kuɗin makaranta daga ciki. Amma in annoba ta share kejin, babu wanda zai rubuta a ko'ina, babu ƙungiya mai ƙarfi da za ta je Abuja ta buga tebur. Hausawa sun ce zomo ba bawan giwa ba ne, daji suka tara. A kasafin kuɗin lafiyar dabbobi kuwa, dabbar mai ƙarfi ita ake fara dubawa, ta marar ƙarfi ta jira.

Duk wanda ke shakkar amfanin kashe kuɗi a kan binciken cututtukan dabbobi, ya tambayi dattawan Fulani labarin bushiya. Wannan cuta ta shigo Afirka ta gaɓar Iritiriya wajen 1887 tare da shanun da sojojin Italiya suka kawo, kuma cikin 'yan shekaru ta ratsa nahiyar har ƙasar Hausa da Borno da Adamawa, ta kashe mafi yawan shanun da ta tarar. Gidajen da suka gaji garke tun kaka da kakanni suka wayi gari da sanda kawai a hannu. Saboda ita ne aka kafa ɗakin gwaje-gwaje na Vom a kan tsaunukan Filato a 1924, wanda ya zama Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. A Kenya kuma wani likitan dabbobi ɗan Ingila mai suna Walter Plowright ya shafe shekaru yana raunana ƙwayar a ɗakin gwaji, har ya samu allurar da in aka yi wa saniya sau ɗaya ta tsira har ƙarshen rayuwarta. A 1962 aka fara gangamin haɗin gwiwa na yi wa shanu rigakafi a Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru, daga baya ya faɗaɗa zuwa sauran ƙasashe.

Abin da ya biyo baya shi ne darasin da nake so 'yan majalisarmu su haddace. Da cutar ta lafa, sai aka ɗauka an gama. Gangamin ya tsaya a 1976, kuɗi ya janye, sa ido ya yi sanyi. Ƙwayar kuwa tana nan a laɓe a wasu lunguna. A farkon shekarun 1980 ta dawo da ƙarfi, kuma waɗanda suka yi wayo a 1983 suna tuna yadda shanu suka riƙa zubewa a Arewa. Sai da aka sake ɗaura ɗamara, aka kuma samar da nau'in allurar da ke jure zafi ta yadda za a iya kai ta ruga mai nisa ba tare da ƙanƙara ba. An ga cutar karo na ƙarshe a Kenya a 2001, kuma a 2011 aka shelanta cewa bushiya ta ƙare a duniya. Bayan agana, ita ce cuta ta biyu da ɗan Adam ya taɓa kawarwa ɗungurungum. Yaron da ke kora shanu yau bai san ta ba sai a bakin kakansa, kuma wannan rashin sani nasa ribar kuɗin da aka zuba ne a ɗakunan gwaji shekaru tamanin da wani abu kawai, abin da bai wuce rayuwar mutum ɗaya ba.

Muna da hannu a irin wannan aiki fiye da yadda muka sani. Annobar awaki da tumaki da ake kira PPR, mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son kawar da ita. Allurar da aka fi amfani da ita a Afirka da Gabas ta Tsakiya an samo ta ne daga ƙwayar da aka ware a Najeriya a 1975, har yau sunan ƙasar nan take ɗauke da shi. Haka ma annobar Newcastle da ke share kajin gida duk hunturu: masana a Ostireliya sun samar da rigakafinta mai jure zafi wanda ake ɗigawa a idon kaza, kuma Vom na yin sa. Wannan bincike ne da aka yi domin kazar tsakar gida, ta matar ƙauye. Irinsa nake nema wa zomo.

Akwai kuma dalilin da ya shafi jikinmu kai tsaye. Hukumar lafiyar dabbobi ta duniya ta ce kusan kashi 60 cikin ɗari na cututtukan da ke kama mutane daga dabbobi suke fitowa. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna aka fara tabbatar da ita a nahiyar Afirka, a watan Fabrairun 2006. Haukan kare har yanzu yana kashe yara a ƙauyukanmu alhali akwai rigakafinsa. A ƙarshen 2018 zuwa 2019 murar dawaki ta kashe jakuna masu yawa a Sakkwato da Jamhuriyar Nijar, kuma wanda jakinsa ke ɗebo masa ruwa da itace ya san girman wannan rashi. Na'urar da ke gano bairos ba ruwanta da ko samfurin na mutum ne ko na dabba. Cibiyar nan ta Ede da ta karanta tsarin halittar ƙwayar cutar zomo, ita ce ta fara karanta na ƙwayar korona a Afirka a watan Maris na 2020. Duk naira da aka kashe wajen horar da wanda zai gano cutar zomo, an kashe ta ne a kan wanda zai gano annobar mutane ta gaba.

A watan Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta, kuma na yi murna da hakan. Fargabata ita ce kada duk maganar ta ƙare a kan shanu da burtali da rikicin manoma da makiyaya. Waɗannan manyan al'amura ne, babu musu. Amma ina so in ga an ware wa Vom da cibiyar binciken kiwo ta Shika da tsangayoyin likitancin dabbobi na Zariya da Sakkwato da Maiduguri kuɗin bincike wanda ke fita a kan kari kowace shekara, da wani kaso da aka rubuta ƙarara cewa na ƙananan dabbobi ne. Bincike ba ya son kuɗin da ke zuwa yau ya ɗauke gobe. Samfurin da aka tara shekara biyar a firji, ɗaukewar wuta ta kwana biyu ta isa ta lalata shi. Masanin da aka horar aka bar shi babu kayan aiki, wata ƙasa za ta ɗauke shi da murna. Tunda kuma cuta ba ta tsayawa a shingen kwastan, ya kamata ɗakunan gwajinmu su riƙa musayar samfuri da bayani da takwarorinsu na Yamai da Garwa da Njamena, kamar yadda aka yi a zamanin bushiya.

Ba gwamnati kaɗai nake kira ba. Attajiranmu suna gina masallatai da rijiyoyi, Allah Ya saka musu da alheri. Waƙafin da zai ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya mai binciken cutar kaji ko awaki ko zomaye shi ma sadaka ce mai gudana, domin amfaninsa zai shiga gidajen da mai bayarwa ba zai taɓa sani ba. Kamfanonin abincin dabbobi da manyan gonakin kaji kuwa, kare kasuwarsu suke yi in sun sa hannu.

Sai ku masu kiwo, domin mai bincike ba zai binciki abin da bai gani ba. A 2006, lokacin murar tsuntsaye, diyyar naira 250 da aka fara biya kan kowace kaza ba ta kai kuɗin kazar ba, kuma an san irin wannan yana sa mutane ɓoye cuta su garzaya kasuwa da abin da ya rage. Na fahimci zafin asara. Amma wanda ya kai zomo marar lafiya kasuwa ya sayar da annobar ne ga ɗan'uwansa. In ka sayo sabon zomo, ware shi shi kaɗai na aƙalla mako biyu kafin ka haɗa shi da sauran. Kada ka bar baƙo ya riƙa shiga wurin kiwonka da takalminsa. In kuma zomayenka suka fara mutuwa farat ɗaya, kada ka jefar da mushen a bola inda ƙuda da kare za su same shi. Ƙulle ɗaya a leda biyu, sa shi a ƙanƙara, ka kai ofishin likitan dabbobi mafi kusa da kai a ranar, sauran ka binne su da zurfi, sannan ka sanar da maƙwabtanka masu kiwo kafin dare.