Ciwo A Ciki, Hoto A Ƙirji

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, nakan ji mutane suna gunaguni wai likita ya sa a ɗauki hoton ƙirji alhali ciki ke ciwo. A ganina wannan gunaguni ba shi da tushe. Akwai wani faffaɗan nama da ya raba ƙirji da ciki, da shi muke jan numfashi. Idan zazzaɓin taifot ya huda hanji, iska takan fita ta taru a ƙarƙashin naman nan. In an ɗauki hoton majinyaci yana tsaye, sai likita ya ga iskar, ya hanzarta yi masa tiyata. Don haka ina roƙon iyayenmu, kada kuɗin hoto ya sa a koma gida da mara lafiya, gama jinkirin kwana ɗaya yana iya cin rai.