Wa Zai Rubuta Wasan Ƙasar Auduga?

Wanda ya tasa a Funtuwa ko Malumfashi a shekarun 1980 ba ya bukatar a gabatar masa da Kasagi, ko Samanja, ko Karambana. Ya gan su a talabijin ɗin Kaduna, galibi a zauren wani mai hali inda yaran unguwa ke cincirindo bayan sallar isha. Amma da za a tambaye shi wanda ya tsara maganganun da suka riƙa fitowa daga bakinsu, sai ya yi jim. Ɗan wasa aka sani, marubuci kuwa ya ɓace a bayan labule.

Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, yana cikin 'yan ƙalilan da suka tsira daga wannan mantuwa, kuma littafi ne ya cece shi. Da bai kai Kulɓa Na Ɓarna kamfanin NNPC na Zariya an buga a 1979 ba, da yau ba a tuna shi sai a matsayin ɗan wasa. Wasan ya shiga makarantu, daga baya Hukumar Fina-finai ta Nijeriya ta mayar da shi fim a ƙarƙashin jagorancin Brendan Shehu. Jigonsa, yadda mai kuɗi ke lalata rayuwar 'yar makaranta, ya nuna mutum mai kaifin ido. Sai dai jigo ne na birni da tarbiyyar gida, kuma a cikin wannan da'ira yawancin wasannin talabijin na Hausa suka yi ta kewaye har zuwa yau.

A shekarar da aka buga wannan littafi, gidan talabijin na gwamnatin Pakistan ya fara nuna wani wasa cikin harshen Urdu mai suna Waris. Marubucinsa, Amjad Islam Amjad, an haife shi a 1944, ya yi digiri na biyu a adabin Urdu a Jami'ar Punjab, ya koyar a wata kwaleji a birnin Lahor, kuma ya riga ya yi suna a rubutacciyar waƙa. Wasan labarin wani basarake ne, Chaudhry Hashmat, mai danne talakawan ƙauyensa, da madatsar ruwan da gwamnati ta ƙudura ginawa wadda za ta cinye ƙasarsa. Gado, gaba, filin noma da mulki su ne ƙashin bayan labarin. An nuna shi ne a zamanin mulkin soja na Ziya'ul Haƙ, don haka mai cewa tashar gwamnati ba ta iya ɗaukar zance mai nauyi sai ya sake lale. Lokacin da Amjad ya rasu a Fabrairun 2023, an yi jimaminsa a matsayin marubuci, kuma sunansa na manne da wasan kamar yadda sunan Abubakar Imam ke manne da Ruwan Bagaja.

Abin da ya kamata ya dami manazarci shi ne ƙasar Hausa ba ta rasa irin wannan labari ba. A Afrilun 1980, watanni kaɗan bayan fara nuna Waris, 'yan sanda suka buɗe wuta a kan manoman da ke neman diyyar gonakinsu a madatsar Bakolori. Kudancin Katsina kuwa, nasa labarin ya fi tsawo. Nan ne cibiyar audugar da kamfanin BCGA ya riƙa saye yana gurzawa tun zamanin Turawa. Nan ne aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da tallafin Bankin Duniya a tsakiyar shekarun 1970, shirin da ya kawo taki da hanyoyin karkara, ya kuma jawo muhawara a kan ko manyan manoma ne suka kwashe romon. Sannan masaƙu suka durƙushe, auduga ta ja baya, masara da waken soya suka maye gurbinta. Yanzu ga manomin Faskari da Sabuwa da Ɗandume yana biyan 'yan bindiga kafin ya girbe abin da ya shuka, ga ɗaliban Ƙanƙara sama da 300 da aka sace a Disambar 2020. Ɗan kamasho a bakin sikeli, mai gari da ke rabon taki, magada a gaban alƙali a kan gona guda, matashin da ya sayar da kasonsa ya sayi babur: kowannensu tauraro ne da ke jiran alƙalami.

Duk da haka, idan manomi ya fito a allo, galibi bagidaje ne mai yagaggiyar taguwa da aka kawo don a yi dariya. Marigayi Rabilu Musa Ibro ya ƙware a wannan, kuma ba laifinsa ba ne. Abin da aka ba shi ya taka.

Dalilin ba ƙarancin basira ba ne. Tsohon salon wasan talabijin na Hausa ya dogara ne da a shimfiɗa wa 'yan wasa ƙwarangwal ɗin labari, su cike sauran da bakinsu. Salon ya haifar da Hausa mai daɗi da raha, amma ba ya iya riƙe labarin da ya ratsa zuriya uku, mai bukatar a san farashin buhu da hukuncin gado. Irin wannan sai marubucin da aka ba lokaci, aka biya shi ya je ya zauna a kasuwar Bakori ya saurara. Tashar Arewa24 ta nuna ana iya ɗaukar marubuta aiki na dindindin, kuma Daɗin Kowa ya taɓo matsalar 'yan gudun hijira, Kwana Casa'in ya taɓo siyasa. Gona dai har yanzu ana wucewa ta gefenta.

Sassan Hausa na jami'o'i ma suna da nasu kason. An daɗe ana muhawara a kan tasirin fina-finan Indiya da adabin kasuwar Kano, muhawarar da Abdalla Uba Adamu da Ibrahim Malumfashi suka yi fice a ciki, amma rubutaccen tsarin wasan talabijin bai samu wannan gata ba. Ɗalibin da zai yi nazarin wasa yakan zauna gaban allo ne ya kwafe abin da ya ji, ba tare da ya taɓa ganin takardar marubucin ba. Marubutan wasannin da ake nunawa yanzu suna raye, rubutunsu na cikin kwamfutocinsu da wayoyinsu, kuma karɓar kwafi a adana a ɗakin karatu na sashe ba ya bukatar kasafin kuɗi.