A Auna Ruwa Kafin A Ƙidaya Kifi

A unguwannin Minna irin su Bosso, Tunga da Chanchaga, kiwon kifi a bayan gida ya yawaita. Wasu na kiwon tarwaɗa da karfasa, wasu kuma sun fara ajiye kifin ado na Japan da ake kira koi. Sai dai mutane da yawa na fara sayen 'ya'yan kifi, daga baya su tambayi nawa kwaminsu zai ɗauka. A ganina, a nan asara take farawa.

Ruwa shi ne gonar kifi. Yadda cunkoson shuka ke hana masara yin zangarniya mai kyau, haka cunkoso ke hana kifi girma. Daga ruwan yake samun iskar shaƙa, cikinsa kuma yake yin kashi, wanda ke sakin gubar amoniya. Ruwa mai zafin digiri 20 na riƙe kimanin miligiram 9 na iskar oksijin a kowace lita, amma a digiri 30 bai wuce 7.5 ba. Shi ya sa zafin Maris da Afrilu ke da haɗari, musamman da asuba, lokacin da iskar ta fi ƙaranci.

Koi na iya kai tsawon santimita 60, kuma masu kiwonsa kan ware wa kowane babba aƙalla lita 1,000. Ke nan kwami mai tsawon mita 3, faɗin mita 2 da zurfin mita 1 bai kamata ya wuce guda 6 ba. A tafkin ƙasa, karfasa 2 zuwa 3 sun isa kowace murabba'in mita.

Wani zai ce ai tarwaɗa na jure cunkoso. Gaskiya ne, domin tana iya shaƙar iska daga saman ruwa. Amma hakan bai kare ta daga amoniya ba, kuma manyanta kan cinye ƙanana idan ba a rarrabe su ba. Mai son zuba ta da yawa dole ya tanadi ruwan canji a kai a kai.

Don haka muna kira ga malaman gona da su fara da awon kwami da binciken tushen ruwa. Manomi kuma ya nemi shawarar cibiyar binciken kifi ta tarayya da ke New Bussa. Kwaɗayi dai mabuɗin wahala ne.