ƘWAYOYIN RIƊI NA RAGE ƘIBA: DA'AWA BA HUJJA

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka:

Ya ku 'yan'uwa, a cikin magungunan rage ƙiba da ake tallatawa a intanet akwai wasu ƙwayoyi da ake cewa daga riɗi aka tatso su, wai suna ƙona kitse alhali mutum yana zaune. Mun san masu fama da teɓa, da masu ciwon sukari da hawan jini waɗanda likita ya umurce su da rage nauyi, su ne wannan talla ta fi ruɗa. Saboda haka ya wajaba mu tambayi masu wannan da'awa: ina hujjarku?

Asalin maganar shi ne, a cikin riɗi akwai wani sinadari mai suna sesamin, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tsabar ba. Masu bincike a Japan sun ciyar da ɓeraye da shi, suka ga hantarsu ta ƙara kuzarin ƙona kitse. Daga nan 'yan kasuwa a Amurka suka cafe maganar, suka ɗura shi a kwalabe a shekarun 2000, suna sayar wa masu gina jiki. To, amma ɓera ba mutum ba ne. Idan aka auna da nauyin jiki, abin da aka bai wa ɓerayen ya ninka abin da ke cikin ƙwayar nesa ba kusa ba. Gwaje-gwajen da aka yi a kan mutane kuwa ƙanana ne, na 'yan makonni. Wasunsu sun nuna ɗan sauƙi a hawan jini ko kitsen cikin jini, amma ba su tabbatar da cewa sesamin yana zubar da ƙiba ba. Wannan ita ce haƙiƙa, kuma mai talla ba zai faɗe ta ba.

Wani zai ce: ai da ba ya aiki da hukuma ta hana. Wannan shubuha ce mai rauni. Dokar Amurka ta 1994 ta bai wa kamfanoni damar sayar da irin waɗannan kayayyaki ba tare da sun tabbatar wa hukumar FDA cewa suna aiki ba. Su da kansu suna rubutawa a jikin kwalba, da ƙananan baƙaƙe, cewa hukuma ba ta tantance da'awarsu ba.

Wani kuma zai ce: ai riɗi abinci ne, ba ya cutarwa. Lalle riɗi ni'ima ne. Muna noma shi a Jigawa da Nasarawa da Binuwai, muna cin kantunsa, muna miya da shi. Sai dai abinci daban, sinadarin da aka tace aka tattara daban. Akwai mutanen da jikinsu ba ya jituwa da riɗi, yana jawo musu borin jini da kumburi har da toshewar numfashi, shi ya sa tun daga Janairun 2023 Amurka ta wajabta a bayyana shi a jikin kayan abinci. An kuma gano a ɗakin gwaji cewa sesamin yana rage aikin wani sinadarin hanta da ke sarrafa magunguna irin su wafarin, mai hana jini daskarewa. Mai shan irin wannan magani, ko na hawan jini, da mai juna biyu da mai shayarwa, kada su kusanci ƙwayar sai da izinin likita.

Mafi muni shi ne algus. Hukumomi sun sha kama magungunan rage ƙiba da aka ce tsantsar ganye ne, alhali an ɓoye sibutiramin a ciki, maganin da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda haɗarin bugun zuciya da shanyewar jiki. Wanda ya sayi kwalba daga hannun da bai sani ba, da me zai gane abin da ke cikinta?

Haka kuma masu cewa a riƙa shan man riɗi cokali-cokali don a rame sun juya lamari. Kusan rabin tsabar riɗi mai ne, giram 100 nata ya haura kalori 550. Ta yaya za a kashe wuta da mai?

Nasiharmu ga masu sayarwa ita ce su ji tsoron Allah: karɓar kuɗin mara lafiya a kan alkawarin da ba a tabbatar ba ha'inci ne, ko da an lulluɓe shi da sunan tsiro mai albarka. Ga masu saye kuma, hanyar sananniya ce duk da ɗacinta: rage tuwo da shinkafa da lemon kwalba, yawaita ganye da wake, tafiya a ƙasa kullum, da ganin likita. Kuɗin kwalba ɗaya gara a kai shi asibiti a auna jini da sukari.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya tsare mu daga ruɗin mayaudara. Amin.