Masu kiwon murjani a cikin ɗaki

Idan aka ce murjani, abin da ke faɗo wa Bahaushe a rai shi ne jan dutsen wuya da kakanninmu mata ke ɓoyewa a ƙasan adaka, ba a fito da shi sai ranar buki. Daga tekun Bahar Rum ake ciro shi, kuma a zamanin da ayarin raƙuma ne ke kawo shi daga Tarabulus, ya ratso Gat da Abzin, ya sauka Damagaram, sannan ya wuce Kano. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa wannan dutse ƙashi ne na wata ƴar dabba mai rai, kuma a Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da ke kiwon danginta a cikin ɗakunansu, kamar yadda wani ke kiwon tantabaru a bayan gida.

Gani ya kori ji. Na fara ganin abin da idona a wani gari na kudancin Faransa, lokacin da na je horo a kan aikin jarida. Mai masaukina, wani dattijo da ya yi ritaya, yana da akwatin gilashi mai cin litir 400 a tsakar ɗakin baƙi, abin da Faransawa ke kira akwariyom. A ciki akwai duwatsu masu ramuka, a kansu murjani iri-iri, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwa, ga kuma ƴan kifaye shida suna kai da kawowa. Da na yaba masa kifin, sai ya yi dariya, ya nuna mini cewa kifi shi ne mai sauƙi a cikin aikin, ruwan ne ke hana shi barci.

Da ya yi mini bayani na gane gaskiyarsa. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace litir, kuma dole na cikin akwatin ya tsaya daidai nan. Gishirin miya ba ya yi. Akwai na musamman da ake haɗawa a masana'anta, a narkar da shi cikin tataccen ruwa. Kullum wani kashi na ruwan yana tashi ya bi iska, gishirin ya yi zamansa, kamar yadda ake gani a ramukan gishiri na Bilma. Saboda haka da ruwan daɗi ake cike giɓin, don wanda ya ƙara ruwan gishiri ya kashe dabbobinsa da hannunsa. Zafin ruwan kuwa ana riƙe shi wajen digiri 25 zuwa 26, dare da rana, rani da damina.

Ita dabbar murjanin da ke gina tsaunuka a ƙarƙashin tekuna masu ɗumi, ta bambanta da jan murjanin kakanninmu ta wata fuska. A cikin naman jikinta akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke sarrafa hasken rana ta ba ta mafi yawan abincinta, ta kuma ba ta launi. Don haka mai kiwo yake kunna fitilu masu ƙarfi wajen awa goma a yini. Yana sa injuna masu kaɗa ruwa su maye gurbin igiyar teku, yana auna sinadarin kalsiyom da dabbar ke gina ƙashinta da shi, kada ya yi nisa da miligiram 420 a litir. Kafin a saka ko kifi ɗaya, sai an bar akwatin sati huɗu zuwa shida, har ƙwayoyin halittar da ke cinye gubar kashin kifi su yaɗu a jikin duwatsu. Bayan haka, kowane sati ko sati biyu a kwashe kashi ɗaya cikin goma na ruwan a zuba sabo. In kuran ya ɗauke na ƴan awoyi, injuna suka tsaya, iskar da ke cikin ruwa ta ƙare, wahalar shekaru sai ta tafi a dare ɗaya.

An daɗe ana neman wannan ilimi. A shekarar 1832 wata Bafaransa mai suna Jeanne Villepreux-Power ta ƙera akwatin gilashi a tsibirin Sisil don ta yi nazarin dabbobin teku suna raye. A 1853 aka buɗe wa jama'a gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan. Amma murjani mai ƙashi ya ci gaba da mutuwa a hannun masu kiwo fiye da shekara ɗari, sai wajen shekarun 1980 wasu masu sha'awa a birnin Berlin suka gano yadda za su sa shi ya yi girma a cikin ɗaki.

To, tambayar da ta sa na ɗauko wannan zance ita ce: daga ina waɗannan dabbobi ke fitowa? Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2003 ya ƙiyasta cewa mutum miliyon ɗaya da rabi zuwa biyu ke da irin wannan akwati a duniya, kuma a kowace shekara ana cinikin kifi miliyon 20 zuwa 24, da guntayen murjani miliyon 11 zuwa 12. Mafi yawansu daga teku aka kamo su, musamman a Indonesiya da Filifin. Tun shekarun 1960 wasu masunta na Filifin suka shiga fesa gubar siyanir a ramukan murjani don kifi ya suma su ɗauke shi da rai. Gubar tana kashe murjanin da ta taɓa, kifin ma sau da yawa ba ya daɗewa a hannun wanda ya saye shi. Ƙasashen biyu sun haramta wannan ɗabi'a, amma masunci talaka ne, kuma muddin akwai mai saye ba ya tambaya, za a samu mai fesawa.

Akwai wani ɗan kifi mai zane baƙi da fari wanda asalinsa tsibiran Banggai ne kawai a Indonesiya, wanda namijin ke riƙe ƙwai a bakinsa har su ƙyanƙyashe. Kasuwa ta gano shi a tsakiyar shekarun 1990, kafin 2007 ta ƙare har an sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa. Akwai kuma ɓarnar sakaci. Kifin zaki, mai ƙayoyi masu dafi, ɗan tekun Indiya da Pasifik ne. A 1985 aka fara ganinsa a gaɓar Florida ta Amurka, kuma masana sun fi zaton masu kiwo ne suka sake shi da suka gaji da shi. Daga nan ya bazu cikin tekun Karayib yana cinye ƙananan kifayen da ba su san shi ba.

Duk da haka ba zan ce a rufe akwatunan ba, don su ma sun yi wa teku rana. Masu kiwo sun iya yanke ɗan reshen murjani su manna shi a dutse ya tsiro, kamar yadda ake dashen rogo, har mutum ya raba wa abokansa ba tare da an taɓa teku ba. Ɗan kifin nan mai ruwan goro da fari, wanda fim ɗin Nemo na 2003 ya sa yara suka sani, tun shekarun 1970 ake hayayyafa shi a cikin akwati. A 2013 masu bincike a gidan tarihi na Horniman da ke Landan suka sa murjani ya zuba ƙwai a cikin akwati, ta hanyar kwaikwayon zafin ruwa da tsawon yini da hasken wata.

Amfanin wannan ilimi ya fito fili da teku ta fara zafi. Idan ruwa ya haura zafin da ya saba da digiri ɗaya kacal har tsawon makwanni, murjani yakan kori gansakukar jikinsa, ya yi fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Haka ta faru a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sannan a watan Afrilu na 2024 aka tabbatar da karo na huɗu. A watan Yuli na 2023, da ruwan Florida ya yi zafi fiye da kima, masana sun kwashe dubban murjani daga teku suka kai su akwatuna a tudu har zafin ya sauka. Tsaunukan murjani ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na ƙasan teku ba, amma kimanin rubu'in nau'o'in halittun teku da su suka dogara, haka ma miliyoyin masunta.

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya shigo da rai cikin ɗakinsa don ya faranta idonsa, ya ɗauki amana. Haƙƙi ne a kansa ya tambayi mai kanti asalin abin da zai saya, ya fifita wanda aka haifa ko aka dasa a akwati ko da ya fi tsada, kada ya ɗauki dabbar da ba zai iya riƙewa ba, kada kuma ya zubar da ita a teku ranar da ya gaji. Mai masaukina ya gaya mini cewa kusan duk murjanin akwatinsa dashe ne daga hannun abokai, kuma ranar da zan taho na bar shi yana yanke wani reshe zai kai wa maƙwabcinsa.